Kan Injin da Na Je Nema Bayan Kunci

Mota ta sa na ga abubuwa da yawa a rayuwata, wasu na dariya, wasu na takaici, amma akwai guda ɗaya da na tabbata ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, shi kam yana nan daram a raina. Ya faru ne wasu shekaru da suka wuce, a ƙarshen bazara, lokacin da kowa a ƙauyenmu na gefen Zakirai ke ɗaga kai yana duban gabas.

Motar tsohuwar ƙirar Jamus ce, mai ƙofa huɗu, gajeriya, mai dogon hanci, irin wadda aka ƙera don gudu a kan kwalta mai santsi. Ni da ita kusan sa'anni ne. Ta kawuna ce, wanda ya yi fatauci tsakanin Kano da Maiduguri, kuma da ya rasu 'ya'yansa suka ce babu mai iya wahalarta, suka bar mini saboda tun ina yaro ni ke wanke ta. Ni malamin firamare ne, da damina kuma manomi kamar kowa, don haka ba wai ina da halin riƙe irin wannan mota ba ne. So ne kawai. Idan ta hau titi ta buɗe murya, sai in ji kamar duk duniya babu wanda ya kai ni.

Da ni da wani bakanike abokina a Zakirai mun sha fama kafin ta yarda da hanyoyinmu. Mun ɗaga ta da sifirin na wata motar don kada cikinta ya riƙa gogar ƙasa, muka ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙarƙashi saboda duwatsu, muka ƙara mata fanka don zafin bazara. Duk da haka zafin ne ya kayar da ita. Wata rana ina dawowa daga kasuwa tiyon ruwa ya fashe ban sani ba, sai hayaƙi na gani yana tashi ta hanci. Da bakanike ya zo ya zaro sandar mai, ya ga man ya koma fari kamar koko, sai ya girgiza kai.

"Malam, tof silinda ta tsage," in ji shi. Wato kan injin, murfin nan mai nauyi da ke rufe samansa. "Kuma ka san irin wannan ba a yin sabonta yanzu."

Shanun huɗa suka jawo ta gida, yara na bin mu suna ihu. Babu inda zan ajiye ta sai gonar bayan gida, wadda muke shuka masara da kuɓewa da yakuwa. Wanda bai san yankinmu ba zai ce mene ne a ciki, ai fili ne. To mu a wajenmu babu fili. Gona na manne da gona, gida na manne da gona, ko gindin katanga sai an soka masa wake. Yayana, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya yi mini kawaici har watanni. Da ya ga an fara kai taki gona, sai ya kira ni.

"Ka san ba na son ɓacin ranka," ya ce. "Amma wurin nan abincinmu ne. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ko dai ta tashi da ƙafarta, ko 'yan gwangwan su zo su yanka ta. Ba zan bar kunya goma a banza saboda ƙarfe ba."

Ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Amma daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Duk Asabar ina kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, rumfa zuwa rumfa, da hoton kan injin a waya. Wani ya duba ya yi dariya, wani ya ce in dawo mako mai zuwa, wani ya shiga ciki ya daɗe ya fito da abin da ko kama bai yi ba. An haɗa ni da wani a Kaduna, ya turo guda a mota, muka ɗora muka ga ramukan ba su hau ba, na mayar. Mun kai tsohon kan injin wajen mai walda, ya like tsagar, muna tayarwa ta sake buɗewa. A aji ina koyar da lissafi, raina yana kan inji. Matata ta ce ko abinci nake ci sai ta ga ina kallon bango kamar mai jiran saƙo.

Bakanike ya gaji da ni. "Mu jefa mata injin Japan mu huta," ya ce. "Gobe-gobe za ta tashi."

Na ce masa idan aka cire mata injinta, me ya rage? Kwano ne kawai da kujeru. Ya ce to ai kwano da kujeru ne ke kai mutum asibiti. Duk da haka ban yarda ba.

Ana cikin haka wani dillalin shanu da ya zo duba bijimin yayana ya hango motar. Ya zagaya ta, ya ce wallahi ya san 'yar'uwarta, sak, har launi, a wani ƙauye bayan Kunci, ta yi shekara da shekaru a ajiye. Ya ce ɗan mai ita yana sayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni lambarsa. Na kira tun dillalin bai bar ƙofar gida ba. Mutumin ya ce kan injin na nan lafiya lau, muka daidaita. Sai ya ƙara da cewa in zo ranar Talata da hantsi, kada in wuce hantsi, kuma in na iso bakin gari in kira shi, kada in tambayi kowa gidan. Na ji abin wani iri, amma mai neman abu ido rufe ba ya tsayawa tambaya. Na ce to.

Muka tafi da bakanike a kan babur ɗinsa, da jakar sifanu a bayana. Mutumin ya tare mu a bakin gari. Sa'ana ne, siriri, mai ladabi, sai dai idonsa ba ya zama wuri guda. Ya bi da mu ta lungu, ta bayan shinge, har gindin wata darbejiya a gefen gidansu. Ga ta nan ƙarƙashin rumfar kara. Kamar tawa ce aka ɗauko aka ajiye. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, amma jikinta a goge yake, kujerun a share, sitiyarin har ƙyalli yake yi irin na abin da hannu ke taɓawa kullum. Da aka ɗaga murfin inji kuwa, sai na ga kamar an fafe ƙwarya. Babu lagireto, babu kafireto, babu fanka, wayoyi na reto. Gangar injin ce kawai da kanta suka rage.

"Ku yi sauri don Allah," in ji mutumin. Bakanike ya hau kwance notuna, ni ina miƙa masa sifana, shi kuma mutumin ya kasa tsayawa, ya leƙa hanya ya dawo, ya leƙa ya dawo. Zumuɗinsa ya fara shiga jikina. Har na buɗe baki zan tambaye shi ko lafiya, sai muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka sauke wani, babur ya wuce. Mutumin ya dafe kai, ya ce a hankali, "Inna lillahi. Ya dawo."

Wani dattijo ne ya ɓullo ta kwanar katanga, dogo, da farar riga da hula, yana dogara sanda yana laluben ƙasa da ita. Ba ya gani. Daga baya na ji ciwon suga ne ya tafi da idonsa, kuma ranar bikin suna ya je a ƙauyen maƙwabta, kansa ya yi ciwo ya ce a dawo da shi tun ba a watse ba. Kai tsaye ya nufo motar kamar mai gani, har ya ɗora hannu a marfin ƙofar direba, sai ya tsaya cak.

"Wa ke nan? Na ji ƙarar ƙarfe."

"Ni ne, Baba," in ji ɗan. "Ɓeraye ne suka yi gida a inji, nake kora."

"Da sifana ake korar ɓera?" Ya juyo da fuskarsa wajenmu. "Akwai baƙi. Salamu alaikum."

Ɗan yana yi mini alama da hannu in yi shiru, bakanike ya taka mini ƙafa. Amma sallama ce dattijo ya yi, ta yaya zan ƙi amsawa? Na amsa, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi daga ina, na ce daga wajen Zakirai. Ya ce me ke tafe da mu. Ina son kan injin nan kamar raina, rabin notunan sun riga sun fita, kuma ƙarya ɗaya ƙarama za ta wadatar. Sai dai mutumin ba ya ganina, kuma wannan ne ya sa na kasa.

"Baba, ina da mota irin wannan. Kan injinta ya tsage, na nema ko'ina ban samu ba. Aka ce mini za a sayar da na wannan."

"Aka ce maka," ya maimaita. "Wa ya ce?"

Ya jingine sandarsa, ya bi jikin motar da tafin hannu har ya zo gaba, ya tura hannu cikin injin. Na ga yatsunsa suna neman abu a inda babu komai. Ya matsa gefe, ya sake lalubawa, ya kama wata waya da ke reto, ya bi ta har ƙarshenta, ya tarar ba ta haɗe da komai.

"Ina lagireto?"

"Baba..."

"Ina kafireto? Tun yaushe?"

Ɗan ya durƙusa a ƙasa. Ya ce tun shekarar da aka fara kai dattijon asibiti a birni. Ya ce allurarsa ta suga, da maganin ido, da takin bara, duk daga nan suka fito. Ya ce ya rasa yadda zai faɗa masa ne, ganin yadda yake son ta, kuma likita ya ce a guji ɓata masa rai.

Na zaci dattijon zai yi faɗa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Na taɓa hana ka abin da yake nawa?" ya ce. "Da ka zo ka ce Baba babu, a sayar da mota, zan ce a'a ne? Kullum bayan la'asar ina zaune a cikinta, mutane na wucewa, ina ce musu batir kawai take jira. Suna cewa haka ne Alhaji, Allah ya kawo. Ashe kowa a garin nan ya sani. Ni kaɗai ne ake kallo."

Ya juya wajen bakanike. "Kai mai sifana, mayar da duk abin da ka kwance." Ya ɗauki sandarsa ya shige gida. Muka mayar da notunan ɗaya bayan ɗaya, ɗan na zaune a ƙasa bai ko ɗago ya dube mu ba.

A hanya bakanike bai bar ni na huta ba. "Da ka kama bakinka na ɗan lokaci, da yanzu kayanmu na kan babur. Ka rasa inji, ka haɗa uba da ɗa faɗa. Wa ka taimaka?" Tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, iska na kaɗa mana riguna. Ranar bai zubar ba, ya watse, amma kowa ya san saura ƙiris.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni. Na kira ɗan ya fi a ƙirga, ba ya ɗauka. Yayana ya aika wa 'yan gwangwan, suka zo da kurarsu suka zagaya motar suna ƙwanƙwasa ta da 'yan yatsu, suna taya ta kamar tsohuwar akuya, suka ce za su dawo da abin yanka ranar da aka shirya. Na kasa zama a gida, na kasa zama a makaranta. In na tuna motata sai in ji haushin kaina, in na tuna hannun dattijon nan yana lalube cikin fanko sai in ji motar ma ta fita raina. Har na ce wa matata ko in koma in ba su haƙuri. Ta ce, "Haƙurin me? Na gaskiyar da ka faɗa, ko na zuwan da ka yi?" Ni ma ban sani ba.

Wata safiya ina baza taki a gona, aka ce ina da baƙo. Na zo na tarar da ɗan dattijon a kan babur, da wani abu mai nauyi a buhu an ɗaure da igiya a baya. Ya ƙara ramewa.

"Baba ya ce a kawo maka," ya ce. "Shi ya tsaya aka kwance, hannunsa na kai har aka gama. Ya ce kada ka ba ni komai. In ta tashi ka kai masa ita, da shi za ku yi ciniki."

Na tambaye shi yaya suke da mahaifin nasa. Ya sunkuyar da kai. "Gaisuwa kawai. In na kai masa magani ya karɓa ya sha, shi ke nan. Kuma bai sake zama a cikin motar ba."

Bakanike ya rufe garejinsa ya tare a bayan gidanmu. Muka wanke injin, muka sauya mai, muka ɗora kan, ya zauna kamar don ita aka yi shi. Muna ɗaure na ƙarshe da yamma iska ta taso, aka fara yayyafi mai ƙamshin ƙasa. Yayana na tsaye a bakin shinge da sungumi a kafaɗa. Na murɗa makulli, ta yi tari ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Na ce bismillahi na murɗa na uku, sai ta kama, ta yi gurnanin nan nata da na daɗe ban ji ba. Na fito da ita daga gonar ruwa na dukan gilashi. Yayana ya yi dariya ya ce, "To, alhamdu lillahi, kowa ya samu nasa." Washegari da sassafe ya shuka masararsa.

Da hanya ta ɗan sha iska na kama hanyar Kunci. Tun kafin in kashe mota na hango dattijon ya fito ƙofar zaure, ya karkata kai yana saurare. Na gaishe shi, ya ce in bar ta a kunne. Ya ɗora tafinsa a kan murfin inji ya daɗe, sannan ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba da kansa ya zauna. Ɗan na rakuɓe a jikin katanga. Na ce, "Baba, ko ɗanka zai raka mu?" Can ya ce, "Ya shigo mana. Ko sai an roƙe shi?"

Na tuƙa a hankali cikin burtali, gero ya fara tsirowa dama da hagu. Da muka hau kwalta ban ƙara wuta ba, ina tsoron lafiyarsa. Sai ya ce, "Malam, wannan ai tafiyar jaki ce. Ba don haka aka yi ta ba. Taka ta." Na duba titi babu kowa, na taka. Ta miƙe, iska ta cika motar, ya kama hularsa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan gwiwa yana motsi kamar shi ke canja giya. Sai na ji yana dariya, dariya sosai har da tari. Ta madubi na ga ɗan yana share ido da hannun riga.

A hanyar dawowa, ba tare da ya waiwaya ba, ya yi wa ɗansa magana. "Abin da ya rage a waccan, ka sayar. Da kujerun da gilasan, duk. Amma duk wanda ya zo saye, ka shigo da shi zaure mu gaisa, in san wa ya ɗauka. Idona ne ya mutu, ni ina nan."

"To, Baba," in ji ɗan. "Ka yafe mini."

"Na yafe. Kai ma ka sha wahala."

A zaure muka yi ciniki, kuma bai yi mini sauƙi ba ko kaɗan. Ya ja, na ja, ya ce kayan asali ne ba na gwanjo ba, har sai da muka tsaya inda ya ga dama. Na lura yana jin daɗin cinikin kusan kamar yadda ya ji daɗin gudun. Na biya, ya miƙa wa ɗan a gabana ya ce a sayo magani.

Motar tana nan har yau, tana tashi tana kwanciya, kuma har yanzu ina yawon neman kayanta. Amma abin da na ɗauko daga ƙauyen nan ya wuce ƙarfe. Mahaifiyarmu ta tsufa yanzu, kunnenta ya yi nauyi, kuma sau da yawa a gida akan ce a sayar da akuyarta ko a ba da aron gonarta kada a gaya mata, don kada ta damu. Ni ba na yarda. Nakan je in zauna kusa da ita, in ɗaga murya in faɗa mata komai, ta yi faɗanta, wani lokaci har ta yi kuka, sannan ta yanke abin da take so. Na koyi cewa tsoho yana iya jure rashin abinsa, ko da abin da ya fi so ne. Abin da ke karya shi shi ne ya gano an daina lissafawa da shi alhali yana raye, kuma waɗanda suka yi masa haka masu ƙaunarsa ne.